Harafin da Olajuwon ya maido wa sunansa

A watan Maris na 1991 wani ɗan wasan ƙwallon kwando a birnin Houston na Amurka ya sanar cewa daga ranar a riƙa rubuta sunansa Hakeem, a daina rubuta Akeem. Ya ce gyara ne ya yi, bai sake suna ba. Mu da muke jin yadda Hamidu kan koma Amidu a bakin maƙwabtanmu Yarabawa mun san inda harafin yake faɗuwa, mun kuma san ma'anar sunan a Larabci: mai hikima. A ganina rayuwar Hakeem Olajuwon ta rabu biyu ne a kan wannan harafi.

An haife shi a Legas ran 21 ga Janairu 1963, iyayensa ƴan kasuwa ne masu sayar da siminti. Yana yaro mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Bai san ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15. Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda aka fara gwada shi. Makarantarsa, kwalejin horon malamai ta Musulmi da ke Legas, ta je gasar wasanni a Sakkwato, shi kuwa yana cikin ƴan ƙwallon hannu. Wani ɗalibi ya roƙi mai horarwa a ara musu dogon yaron nan, aka yarda. Sakkwato ɗin nan dai da ɗan Birnin Ƙwanni kan je da safe ya komo da yamma. Duk malamin da ya taɓa ganin wani zanƙalelen yaro a kujerar baya, yana lanƙwashe ƙafafu don tebur ya yi masa kaɗan, ya kamata ya tsaya a kan wannan labari. Da mai horarwar nan ya ce kowa ya tsaya inda aka rubuta sunansa, da wataƙila maganar ta mutu a nan.

A 1980 ya sauka Houston, ya shiga jami'a. Tsawo yana da shi, mita 2 da santimita 13 a rubuce, amma wasan bai nuna ba. Lokacin hutu ya riƙa gwabzawa da Moses Malone, babban gwanin garin a zamanin, wanda ya yi ta bangazar sa har ƙashinsa ya yi ƙwari. Sau biyu jami'arsa ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, a 1983 da 1984, sau biyu ta faɗi. A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi na farko cikin sababbin ƴan wasan NBA. Maikal Jodan na uku aka ɗauka a shekarar.

Akeem na waɗannan shekaru gwani ne mai zafin zuciya. A 1986, a wasan da ya kai ƙungiyarsa zagayen ƙarshe, an kore shi daga fili don ya ba hammata iska da wani ɗan wasan Lakers. A ƙarshen kuma Boston ta ɗauki kofi. Masu ba da labarinsa a wa'azi sukan tsallake wannan babi, ni kuwa ina ganin in babu shi sauran labarin ba shi da gishiri. Mutumin da ya komo ga salla da karatun Alƙur'ani yana tsakiyar kuɗi da suna, ya san abin da yake neman ya horar a cikin kansa. Kuma gyaran bai zo dare ɗaya ba: ko a 1992 ya yi rigima mai zafi da shugabannin ƙungiyarsa kan kwantaragi, har aka yi zaton zai bar garin.

Ni a kaset na san wasansa, a gidajen bidiyo na Maraɗi, hoton yana rawa, sharhin kuma cikin Turancin da ba mu ji. Ba a buƙatar fassara. Yakan juya wa abokin karawa baya, ya karɓi ƙwallo, ya girgiza kafaɗa kamar zai bi dama, ya koma hagu, ya ɗaga hannu kamar zai jefa. In wancan ya yi tsalle, sai ya sulale ta ƙarƙashinsa ya zura. Wanda ya saba kallon kokowa ya san wannan dabara: ka sa mutum ya ɗora nauyinsa kan ƙafar da kake so, sauran aiki ƙasa ce za ta yi. Shi da kansa ya sha faɗa cewa ƙafafun daga ƙwallon ƙafa ya samo su. Haka ma tare ƙwallo a sama, aikin mai tsaron gida ne: sau 3,830 ya kaɗe ƙwallon da aka jefa wa kwandonsu, kuma tun da NBA ta fara ƙidaya babu wanda ya kai haka. Shekarun da ake cewa ya ɓata kafin ya fara, su ne jarinsa.

A 1994 ya zama gwarzon shekara, gwarzon masu tsaro, kuma gwarzon wasan ƙarshe, abin da ba a taɓa haɗa wa mutum ɗaya a shekara guda ba kafin shi. Houston ta doke New York a wasa na bakwai. Masu gardama sun ce ai Jodan ya ajiye wasa a lokacin. Gaskiya ne. Amma a 1995 Jodan ya dawo, Orlando ta fitar da Chicago, Houston kuwa ta cinye Orlando da Shaquille O'Neal wasa 4 a jere.

A shekarar ne azumi ya kama a Fabrairu, kuma aka zaɓe shi gwarzon watan yana azumi. An mai da wannan kamar karama, har na ji ana tsorata ɗalibai da shi. Ya kamata a faɗi cewa yawancin wasannin NBA da dare ake yi, bayan buɗa baki. Wahalar tana ga atisayen rana, da tafiye-tafiye, da wasannin da kan faɗo da azahar. Manomin Tawa da ke riƙe da hauya da azumi a baki ba zai yi mamaki ba. Abin da ya fi burge ni takalmi ne. A 1995, sa'ad da takalmin Jodan ya haura dala 100, Olajuwon ya sa sunansa kan na kamfanin Spalding mai dala 35 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba), wajen jika 17 na sefa a canjin lokacin. Dalilinsa shi ne uwa talaka mai ƴaƴa uku ba ta iya sayen mai tsada, yaran kuma sukan kai ga sata, har da kisa, don takalmi.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. A 1993 ya zama ɗan ƙasar Amurka, a 1996 ya ci zinariya a wasannin Olimfik na Atlanta sanye da rigarta. Ban ga laifinsa ba, can aka gina shi. Amma ƙasar da ta haife shi sai a 2015 ta fara cin kofin Afirka na maza, mu kuwa a nan makarantu nawa ne suke da kwando biyu masu raga?

Ya yi shekara guda a Toronto ya ajiye wasa a 2002. Tsohon ginin banki da ya saya a tsakiyar Houston ya zama masallaci da cibiyar da'awa. Ya zauna Urdun yana karatun addini da Larabci, ya yi kasuwancin filaye da gidaje da kuɗin hannu don gudun riba. Daga baya manyan ƴan wasa suka riƙa bin sa har gida: Kobe Bryant a 2009, LeBron James a 2011, kowannensu yana neman a koya masa yadda ake ajiye ƙafa.