Jos, Garin Kuza, Da Na'urar Da Ke Kiɗa Da Lissafi

Matafiyin da ya taso daga Zariya ya bi ta Pambeguwa da Saminaka ba ya bukatar kowa ya gaya masa cewa ya kusa Jos. Da ya wuce Jengre sai mota ta fara nishi, hanya ta dinga hawa tana lanƙwasa, iska ta sake, har ya ga abokan tafiya suna laluben mayafi da rana tsaka. Garin yana bisa tudu ne mai tsawon kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, duwatsun Shere kuwa da ke gabas da shi sun haura mita 1,800. Ko'ina mutum ya duba sai manyan duwatsu, wani bisa wani, kamar da gangan aka ɗora su, ga shingayen ƙerana kewaye da gonakin acca. Amma abin da ya fi ɗaukar idon baƙo shi ne kududdufai masu zurfi da tsibin jar ƙasa a gefensu, tun daga Rayfield har Bukuru da Barikin Ladi. Waɗannan ba ikon ruwan sama ba ne, tabon haƙar kuza ne.

Kuza ce ta kafa Jos. Mutanen ƙasa sun san ta, suna narka ta tun kafin zuwan Turawa, amma tun daga farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka mamaye tudun. Saboda ita aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya wadda ta iso Jos a 1914, aka rufe ta a 1957. Saboda ita ne kuma aka kafa kamfanin NESCO a 1929 domin samar da lantarki daga ruwan Kurra, sa'ad da yawancin biranen Arewa ba su san wata fitila ba sai aci-bal-bal. Lebura ya zo daga Kano da Katsina da Borno da Kudu, kowa da harshensa da gangarsa. Aikin ya fara ja da baya a shekarun 1970, faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985 ta ƙarasa shi. Yanzu sai masu ƙaramin ƙarfi, maza da mata, kake gani da kwanoni suna wanke yashi.

To, ina kuzar take zuwa? Wanda yake son amsa ya gangara kewayen Taminus, ya tsaya gaban teburin mai gyaran rediyo ko wayar hannu. Zai ga ya ɗora bakin ƙarfe mai zafi bisa wata siririyar waya mai ƙyalli, ta narke, ta liƙe ƙafar wani ɗan ƙanƙanen abu. Dalma muke ce mata, alhali kuwa a tsohon haɗi kashi 60 cikin 100 kuza ce, 40 ne kaɗai dalma; a sabon haɗin da ƙasashen Turai suka wajabta tun 2006 kuwa kuzar ta haura kashi 95. Kusan duk na'urorin lantarki na zamani da wannan liƙi ake haɗa su. A cikinsu har da wata na'urar kiɗa wadda nake ganin ta fi dacewa da Jos fiye da kowane gari a ƙasar nan, ko da yake ba a nan ake ƙera ta ba.

Turawa suna kiranta sintesaiza, watau mai ƙera sauti, irin wadda ake harhaɗawa akwati-akwati. Ba ta da fata, ba ta da tsirkiya, ba a busa ta. Wanda ya gan ta sai ya tuna da allon ma'aikatan tarho na da, masu soka waya nan su zare can. Kowane akwati da aikinsa guda. Akwai mai haifar da sauti ta hanyar karkaɗa lantarki sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Akwai rariya, mai tace sautin ta rage masa kaifi. Wani aikinsa ya buɗe murya ya rufe, wani kuwa ƙidaya kurum yake yi, ɗaya, biyu, uku, yana aika wa sauran umurni. Makaɗin shi ne mai yanke shawarar wane akwati zai yi magana da wane, ta hanyar gajerun wayoyi masu launi. Robert Moog ya fito da tasa a Jihar New York a 1964, a daidai lokacin da Don Buchla yake haɗa tasa a Kalifoniya. Daga baya aka yi watsi da su saboda girma da tsada, sai a 1995 wani Bajamushe, Dieter Doepfer, ya fito da ƙaramin tsari wanda ɗaruruwan masu ƙira suke bi a yau, har akwatin wannan kamfani ya zauna kusa da na wancan.

Lissafin da ke cikinta ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa sauraron kuntigi, kuma a nan ne Bukuru ta shigo cikin zancen. A can aka haifi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos a 1946, ya rasu ran 20 ga Yuni, 2015. Kayan aikinsa duka-duka gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya guda ɗaya tak. Gwangwanin ma, in mai karatu ya lura, ƙarfe ne da aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa. Idan makaɗi ya danne tsirkiya a daidai rabinta, karkarwarta takan ninka sau biyu, sai a ji muryar farko ta dawo amma a sama, kamar ta yaro bisa ta babba. Idan ya bar kashi biyu cikin uku na tsawonta, karkarwar takan zama uku a maimakon biyu, kunne kuma yakan ji daɗin haɗuwar muryoyin nan. Girkawa suna jingina wannan ilmi ga Fisagoras, Alfarabi kuma ya yi dogon bayani a kansa a babban littafinsa na kiɗa fiye da shekara dubu da suka wuce. Ɗanmaraya da yatsa yake yin lissafin nan. Na'urar Moog kuwa da ƙarfin lantarki take yi: duk sa'ad da aka ƙara mata bolt ɗaya, watau awo guda na ƙarfin wuta, sai karkarwar ta ninka. Sautin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ya koma 880.

Ga inda abin ya shafe mu. Tun da fiyano na lantarki, musamman na kamfanin Yamaha, ya shigo ɗakunan ɗaukar waƙa a Kano da Kaduna da Jos, ya zama shi ne sarkin kiɗan fina-finan Hausa da na majami'u da na bukukuwa. Ba na raina shi, ya ciyar da gidaje da yawa. Amma fiyano yana da wata doka wadda ba ya faɗa wa kowa. Ya raba tazarar da ke tsakanin murya da ninkinta gida 12 daidai wa daida, kowane mataki ya ɗara na ƙasansa da kimanin kashi 6 cikin 100. Wannan rabo na Turai ne, an yi shi don bukatar kiɗansu. Kundung na Birom, wanda ake jera itatuwa bisa ƙahonin shanu a buga, da kunne maƙerinsa yake sassaƙa shi, ba lalle ne muryoyinsa su faɗa bisa maɓallan fiyano ba. Haka sarewar masu rawan Asharuwa na Afizere. Kalangu kuwa ya fi su duka taurin kai, domin muryarsa zamewa take yi yayin da makaɗi ya matse tsarkiyoyinsa a hammata, shi ya sa yake iya kwaikwayon hawa da saukar maganar Bahaushe. Idan yaro ya ɗauko waƙar kakansa ya ɗora ta a fiyano, na'urar takan ja kowace murya zuwa maɓalli mafi kusa. Waƙar tana nan, amma an aske mata wani abu, kuma bayan shekara ashirin ana jin askakkiyar a rediyo, sai ta asalin ta fara yi wa yara kamar kuskure.

Na'ura mai akwatuna ba ta da wannan doka. Buchla ma da gangan ya ƙi sa wa tasa maɓallan fiyano. Tun da ƙarfin lantarki ne yake sarrafa murya, makaɗi yana iya raba bolt ɗin nan gida 12 in ya so, ko gida 5, ko 7, ko kuwa ya auna kundung ɗin ƙauyensu itace bayan itace ya saita na'urar a kai. Yana kuma iya barin muryar ta zame kamar ta kalangu.

Sai maganar bugu, wadda ta fi ban mamaki. A 2005 wani malamin ilmin kwamfuta a Jami'ar McGill ta Kanada, Godfried Toussaint, ya nuna cewa wata dabarar lissafi ta Yuklid, masanin nan da ya zauna a Iskandariyya ta Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, tana haifar da salon bugu iri-iri na gargajiya. Tambayar mai sauƙi ce. In kana da gurabe 8 da tsakuwa 3, yaya za ka baza su daidai gwargwado? Ba ta rabuwa cif, saboda haka tazarar za ta zama uku, uku, biyu. Mai karatu ya gwada tafa wannan, zai ji abin da ya saba ji a dandali. In gurabe 12 ne da tsakuwa 7, abin da zai fito shi ne bugun ƙararrawa da aka sani wurin Yarbawa da kuma Ewe na Gana. A yau ana sayar da akwatuna a Turai da Amurka waɗanda aikinsu ke nan kurum: ka murɗa nan ka zaɓi gurabe, ka murɗa can ka zaɓi tsakuwa. Saurayi a Balin ya sa akwati ɗaya yana bugu duk bayan uku, wani duk bayan huɗu, yana murna sa'ad da suka haɗu a na goma sha biyu. Makaɗan noma sun daɗe suna yin wannan a bakin gona, babu wanda ya kira su masana lissafi.

Kada a ce kiɗan lantarki bai karɓi ƙasashenmu ba. A Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kaset da organ na lantarki a 1978, aka shekara da shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar, har wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga shi a 2013. A Inugu, William Onyeabor ya tara na'urorin ƙera sauti a ɗakin ɗaukar waƙarsa, ya fitar da fayafayai tsakanin 1977 da 1985, duniya ba ta waiwaye shi sosai ba sai a 2013, shekara huɗu kafin rasuwarsa. Dukansu biyu sai da baƙi suka yaba kafin aka tuna da su.

Jos kuwa ba ta rasa mutane ba. Garin da ya reni tagwayen P-Square da M.I da Jesse Jagz da Ice Prince da Jeremiah Gyang, inda Panam Percy Paul ya kafa sansaninsa, ba za a koya masa ɗakin ɗaukar waƙa ba. Hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya tana nan, da makarantarta, da kwalejin talabijin ta NTA, da jami'a wadda ta tsaya da ƙafarta tun 1975. Gaskiya ne rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002 ta bar gurbi a tsakiyar gari, mawaƙa da yawa kuma sun kwashe kayansu sun yi Ikko. Duk da haka wanda ya zaga Titin Bauci ko Tudun Wada da yamma zai ji kiɗa yana fitowa daga ƙananan shaguna, inda matasa suke duƙe gaban kwamfuta.

Tsada ita ce babbar katanga, domin akwati guda yakan ci dala ɗari ko fiye, ga shi mutum yana bukatar biyar ko shida kafin ya ji abin kirki. Amma katangar tana da ƙofofi. Tun 2017 akwai manhajar VCV Rack, wadda take kwaikwayon akwatunan nan da wayoyinsu a kan kwamfuta, kuma kyauta ake saukar da ita. Waɗansu masu ƙira sun saki zanen akwatunansu ga duk mai so, yawancin kayan cikin kuwa irin waɗanda ke cikin tsohuwar rediyo ne. Mai gyaran da ya iya sauya ƙafar caji a wayar hannu, abin da ido da ƙyar yake gani, ba zai kasa liƙa su ba. Wutar da na'urar take ci kaɗan ce, bolt 12 take aiki da shi, ƙaramin faifan hasken rana da batir sun riƙe ta.

Aikin da ba ya jira shi ne awo. Gidan kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, ya adana kawunan Nok da aka tono a ramukan kuza, ya adana tukwane, har da siffofin ganuwar Kano da masallacin Zariya. Kayan kiɗa kuwa ajiye su a bayan gilashi bai isa ba, gama itace yana bushewa, fata tana saki, muryar ta gudu ta bar gangar jiki. Kamata ya yi ɗaliban jami'a na sashen lissafi da na lantarki da na wasan kwaikwayo su ɗauki na'urar ɗaukar murya su shiga Du da Fobur da Panshin, su zauna da tsofaffin maƙera, su buga kowane itace da kowace sarewa, su rubuta sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa, da sunan ƙauyen, da sunan wanda ya sassaƙa ta.