GUMIN KEKE DA GUMIN BASHI

Yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, babu Alhaji mai kuɗi a ciki, babu kishiya, babu boka. Labarin ƙanwata ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sai da na nemi izininta kafin na ɗauki biro, ta ce in rubuta amma kar in kama suna.

Ita ce autarmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, da ta fita takaba sai ta dawo gidanmu na Ɗorayi wajen Inna. Tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare ta kuɗi da ke Sharaɗa, albashinta naira 35,000 a wata. Ba wani abin kirki ba ne, amma ana lallaɓawa, har ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500. Duk wanda ke fita nema a garin nan ya san abin da ya biyo baya, ba sai na ɓata muku lokaci ba.

Wata Asabar da hantsi sai ga ta a gidana, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin gado ta ce, "Yaya, ajiye aikin nan zan yi."

Na ce, "Subhanallahi! Ki ajiye ki ci me, ke da marayu uku?"

Ba ta amsa ba, sai ta ciro wata 'yar takarda daga jaka ta miƙo min. Lissafi ne da jan biro irin na maka littafin yara. Adaidaita biyu zuwa, biyu dawowa, naira 800 kullum. A kwana 22 na aiki ya kama 17,600, wato rabin albashin har da ɗan ɗori. A ƙasan takardar kuma ta jera bashin mai shagon layinmu, da na mai kayan miya, da zubin adashen da ta gaza yi wata biyu. Ta ce, "Kin gani ko? Mai Adaidaita nake yi wa aiki. Yanzu in zan fita sai na zagaya ta bayan layi don kar mai shago ya hango ni." Tana faɗa hawaye na zuba.

Mu matan Kano mun daɗe abin hawanmu yana hannun wasu. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo mana mai ƙafa uku, wanda har yau sunan A Daidaita Sahu ya bi shi. A watan Janairu na 2013 kuma, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓar gaba ɗaya. Ko yaushe dai mace tana tsaye a bakin titi tana ɗaga hannu, tana jiran wanda zai tsaya da kuma kuɗin da zai yanka mata.

Ina riƙe da takardar nan sai garin Tamale na ƙasar Ghana ya faɗo min a rai. A 2018 na je can bikin 'yar wata 'yar gwaggonmu da aure ya kai ta Zango tun muna yara. Abin da ya fara ɗaure min kai a garin ba abincinsu ba ne, ba kuma irin Hausarsu ba, kekuna ne. Gari ne shimfiɗaɗɗe babu hawa babu gangara, mafi yawan mutanensa Musulmi, kuma a gefen manyan titunansa an ware wa masu keke hanyarsu daban. Na ga dattijuwa da lulluɓinta a kan keke ta nufi kasuwar Aboabo, na ga mai goyo a baya da kwano a kariya, na ga 'yan mata da hijabi sun nufi makaranta, ba wanda ya ko ɗaga ido ya dube su. Ita kanta 'yar gwaggon tamu ma'aikaciyar jinya ce, da keke take zuwa aiki, kuma da na bi ta asibitin wata rana na tarar da ita cikin fararen kaya tas, tana ƙamshi, kai ka ce daga mota mai sanyi ta fito.

Na dubi Auta na ce, "Me zai hana ki sayi keke?"

Ta daina kukan ta dube ni, sai ta fashe da dariya. "Yaya, wannan sai a littafinki."

A raina na ce, ai ko a littafin nawa babu. Zan dawo kan wannan.

Ranar da maganar ta je kunnen Inna kuwa, salati ta dinga yi tana tafa hannu. "Keke? Bazawara a kan keke kamar ɗan aike? Wa zai aure ki? So kuke a yi da ni a gidan biki?" Yaya Babba shi ne a madadin mahaifinmu, shi ya yi shiru ya karɓi takardar lissafin ya daɗe yana kallo. Shi ma ɗin ɗinki yake yi, yana da nasa iyalin, ya san ba zai iya ɗaukar mata kuɗin mota ba. Daga ƙarshe ya ce, "Inna, matan da can sun hau raƙumi sun hau jaki, ba a ce sun yi abin kunya ba. In dai za ta suturta jikinta, ni ban ga haramci ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi." Inna ba ta ce ta yarda ba, ta dai ce, "Ku kuka sani."

Ni na ba da kwasar adashena aka sayo keken, na gwanjo ne ɗan Japan, irin na mata wanda ba shi da sandar nan ta tsakiya, da kwando a gaba da murfin sarƙa. Ɗana na fari ya koya mata a filin makarantar unguwa bayan sallar isha'i, lokacin hutun ƙarshen shekara, ta faɗi ya fi a ƙirga, har yanzu akwai tabo a gwiwarta.

Ranar farko da aka koma makaranta a watan Satumba, ranar ce ta kusa kashe maganar baki ɗaya. Auta ta tashi ta yi kwalliyarta yadda ta saba, ta shafa mai, ta ɗora hoda, ta zizara jan baki, ta saka leshinta mai kyau da dogon hijabi har ƙasa, ta goya jakar littattafai a baya. Ga shi ta makara wajen shirya yara, sai ta dinga taka feda da ƙarfi, kunya kuma na ƙara mata sauri don ji take kamar duk garin ita ake kallo. Ta isa ana tsakiyar taron safe. Hodar ta dame da gumi ta yi layi-layi a fuska, bayan rigar ya jiƙe sharkaf daidai inda jakar ta kwanta, gefen hijabin ya sha baƙin mai, numfashi ko gaisuwa ba ta iya yi. Yara suka fara ƙus-ƙus. Shugabar makarantar ta kira ta gefe ta ce, "Malama, iyaye kuɗi suke biya, ba za su so su ga malamar 'ya'yansu a haka ba. Ki gyara ko ki san abin yi."

Da daddare ta kira ni tana kuka, ta ce a sayar da keken. Ni kuma na kira Tamale. 'Yar gwaggonmu ta yi dariya har da tari, sannan ta turo mana saƙon murya a WhatsApp mai tsawon gaske, wanda har yau yana cikin wayata. Abin da ta faɗa da abin da Auta ta ƙara da shi daga baya, shi nake so 'yan uwana mata su riƙe.

Ta ce kuskuren farko shi ne sauri. Keken zuwa aiki ba tsere ba ne, a taka shi kamar ana tafiyar ƙasa, in kin ji numfashinki ya fara hawa to kin wuce ƙa'ida. Sannu ba ta hana zuwa. Tafiyar Auta ba ta fi kilomita 5 ba, in ta fita ƙarfe bakwai saura kwata, kafin rana ta yi ƙarfi, a nitse take isa cikin rabin awa, ta kuma samu sauran lokaci kafin a kaɗa ƙararrawa.

Na biyu, kayan hanya daban, kayan aiki daban. Leshi da yadin roba ba sa shan gumi, riƙe shi suke yi su kuma riƙe wari. A hanya sai atamfa ta auduga mara nauyi, da dogon wando a ciki, da hijabi wanda ya rufe ƙirji da mazaunai amma bai kai ga taya ba. Wannan ba maganar kwalliya kaɗai ba ce, maganar rai ce, domin duk mun san yadda hijabi ko gyale ke naɗewa a ƙafar babur ya fizgo mace ƙasa, keke ma haka yake yi. Kayan aikin kuwa a goge su tun dare, a naɗe su kamar tabarma maimakon a ninke, a saka a leda a ajiye a kwando. Kada a goya komai a baya, duk abin da ya kwanta a bayanki sai ya haifar da gumi a wurin.

Na uku, kwalliya a can ake yin ta, ba a gida ba. Daga gida wanka kawai, sai a goga alimun a hammata, wanda wasu ke kira alif, shi ke hana warin gumi tashi. Kada a labta mai, kada a yi wanka da turare, domin turare in ya gauraya da gumi abin da ke fitowa ya fi gumin muni. In an isa kuma kada a yi gaggawar canza kaya, jiki yana ci gaba da fitar da gumi na ɗan lokaci bayan an sauka. A samu inuwa a zauna minti biyar, a sha ruwa, sai jiki ya huce. Sannan a ɗauki buta a shiga kewaye, a goge wuya da hammata da baya da ɗan ƙaramin tawul mai laima, a yi alwala, a saka kayan aiki. Daga nan ne hoda da kwalli da ɗigon humra za su zauna daram. Auta ta ce duk wannan bai fi minti goma ba, kuma a durowarta ta ofishin malamai ta ajiye komai, har da takalmin aiki, silifas take sawa a hanya.

Kowane lokaci na shekara kuma da nasa hali. Da damina sai da madigadi mai kyau, in ba haka ba taɓo zai zana miki layi a baya tun daga ƙugu har wuya, ga kuma ledar ruwa a kwando kullum. Da hunturu babu gumi sosai, ƙura ce abokiyar gaba, sai takunkumi da tabarau, da ɗan man kaɗanya a leɓe da dunduniya. Bazara ce mai wuya, daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Ba zan ɓoye muku ba, a azumin 2024 da ya faɗo cikin Maris da Afrilu, Auta jingine keken ta yi ta koma Adaidaita, domin dawowar azahar da ƙishirwa ba abin wasa ba ce. Bayan sallah ta ci gaba.

Saura bakin mutane, wanda shi babu alimun ɗin da ke maganinsa. Yaran unguwa sun bi ta da ihu sati guda, suka gaji. Wani mai Adaidaita ya taɓa matse ta da gangan har ta faɗa kwata, shi ya sa ta bar babban titi ta koma bin cikin unguwa. A gidan suna an yi mata habaici, wata ta ce ai mace mai hawa keke ta gama zubar da ajinta. Wani da ya fara zuwa zance wajenta ya ce in dai da gaske take son aure sai ta ajiye keken, ta ce masa to ya ɗauki kuɗin motarta na wata, daga ranar bai sake dawowa ba. Waɗannan duk sun yi mata ciwo, na ga ranakun da ta dawo ta shige ɗaki ba ta ko ci abinci ba.

Amma cikin wata biyar ta biya mai shago tas, ta koma zubin adashe, ta kuma daina zagayawa ta bayan layi. Lokacin da lita ta haura naira 1,000 a 2024, malamai biyu a makarantarsu suka ajiye aiki, ita tana nan. Ta taɓa ce min, "Yaya, gumin keke buta ɗaya ke wanke shi. Gumin da nake yi in na hango mai shago, shi ne wanda ko na yi wanka ba ya fita."

Na ce zan dawo kan maganar littafi. Daren da ta faɗa min wannan magana na zauna na tuna taurarin littattafaina ɗaya bayan ɗaya. Kowacce a mota take, gilashi a rufe, sanyi na busawa, ƙamshinta na riga ta shiga ofis. Wadda ta fara da talauci ma, kafin littafi na biyu ya ƙare na samo mata mai kuɗin da zai saya mata mota. Ban taɓa rubuta macen da ta yi gumi a hanyar neman halalinta ta kuma isa da mutuncinta ba. Matar da ta yi wa Auta habaici a gidan suna, na san ta, makaranciyata ce ta gaske, babu littafina da ba ta da shi. To wa ya koya mata cewa aji a cikin mota yake? Ban ce ni kaɗai ba ce, amma da hannuna a ciki.

Inna har yau ba ta furta cewa ta yarda ba. Sai dai rannan da na kwana a gida, da asuba na ji ta tana tashin jikanta tana cewa, "Tashi ka duba wa uwarka iskar tayar nan, kar ta makara." Da Auta ta turo keken za ta fita kuma, Inna ta bi ta har soro ta gyara mata gefen hijabin da ya sauko, ta ce, "Allah ya tsare, ki bi a hankali."

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba kowa halalinsa cikin sauƙi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.