Makin da Na Bai wa Hadda

Littafin Handa's Surprise na Eileen Browne, wanda ya fito a 1994, yana da wata dabara da ke sa malaman Turanci na firamare son sa. Wata yarinya ce a Kenya ta ɗora kwandon kayan marmari iri bakwai a ka, za ta kai wa ƙawarta Akeyo. Yawancin rubutun bai wuce abin da take saƙawa a ranta ba, wato wanne ƙawar za ta fi so. Hotunan kuwa nasu labarin daban. Biri ya miƙo hannu ya ɗauke ayaba, jimina ta cafke gwaba, giwa ta zare mangwaro, raƙumin dawa ya yi gaba da abarba, duk ba ta sani ba. Yaron da bai san kalmar Turanci ko ɗaya ba zai bi labarin tsaf, har ya yi dariya a inda ya kamata. Wannan ne alherin littafin, kuma ta nan na yi kuskure.

Aji huɗu nake koyarwa a lokacin, ajin da a bisa tsohon tsarin ilimi na ƙasa yaro ke barin karatu da harshen gida ya koma Turanci. Kwafi ɗaya gare ni. Nakan ɗaga shi sama in karanta, yara su amsa baki ɗaya, mu juya shafi. Kafin zango ya yi nisa sun iya shi daga farko har ƙarshe. Da jarrabawa ta zo, sai na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, in buɗe wa yaro shafi ya karanta, in ba shi maki. Kusan kowa ya ci. Na cika katin sakamako da hannuna, raina fari ƙal.

Bayan hutu mahaifiyar wata yarinya da ta zo cikin na gaba-gaba ta same ni a bakin aji. Muka gaisa, ta ce, "Malam, ka rubuta ta iya karatun Turanci. Na ba ta littafin ƙaninta na aji biyu, ta kasa ko layi ɗaya." Na ce mata wataƙila kunya ce. Don in gamsar da ita, na yagi takarda na rubuta kalmomi uku daga littafin da yarinyar ta ci maki a kansa, na miƙa mata. Ta dubi takardar, ta juya bayanta, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, ina hoton?"

Hoton ne ke gaya mata shafin da aka buɗe, hadda kuma ta kawo sauran. Yaranmu gwanayen hadda ne, tun daga makarantar allo kunnensu ya saba kama abu ya riƙe, kuma baiwa ce da ba na rainawa. Laifin yarinyar ba ko ɗaya, abin da na nema ta ba ni. Ni ne na auna hadda na rubuta mata suna karatu, na tura ta gida da shaidar ƙarya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wani yaro da ke zama a bayan aji. Shi ya fara yin ihu da Hausa ranar da biri ya ɗauke ayaba: "Ba ta gani ba!" A jarrabawa ya sa yatsa a ƙarƙashin kalma yana haɗa baƙaƙe ɗaya-ɗaya, ya yi tuntuɓe, ya koma ya gyara da kansa. Na ga yana ɓata min lokaci, na ba shi maki kaɗan. Ashe a ajin nan yana cikin 'yan tsirarun da ke karatu na gaskiya, ni kuwa na hukunta shi a kan haka.

Daga baya na san cewa masana sun daɗe da gano wannan rami. Gwajin EGRA da ake yi wa ƙananan azuzuwa a ƙasashe da dama, har da jihohin Arewa, yana da sashen ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana, don kada hadda ta ceci yaro, sai dai ya haɗa sautin baƙaƙen. Marie Clay ta New Zealand kuma ta fito da hanyar zama kusa da yaro ana yi wa kowace kalma alama yayin da yake karatu, ana rubuta inda ya musanya da inda ya gyara kansa. Idan abin da ya karanta daidai bai kai kashi 90 cikin ɗari ba, littafin ya fi ƙarfinsa. An sha sukar tsarinta kan yana barin yaro ya canki kalma daga hoto, kuma bayan abin da na gani ina ganin sukar tana da tushe. Rubuta kuskuren kawai na ɗauka daga hanyarta.

Ban ajiye littattafan hoto ba. Da su har yanzu nake buɗe bakin yara, su ba ni labarin da Turancin da suke da shi, in ya ƙare su ƙarasa da Hausa, wannan makinsa daban. Karatu kuwa a farar takarda nake gwada shi, kalmomin littafin cikin sababbin jimloli da ba su taɓa ji ba. Aikin yana cin lokaci sosai a aji mai cunkoso, sai na raba shi a kan makonni.

Zangon da na fara haka maki ya faɗi warwas, hedimasta ya kira ni ofis. Na ajiye masa katunan zangon baya da na yanzu, na ce na farkon ne ba daidai ba, kuma ni na cika su. Na nemi ya ba ni rabin awa kowace safiya mu koma kan sautin baƙaƙe da yaran da suka kasa, har da yarinyar nan. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in fara ranar Litinin, amma ni zan yi wa iyaye bayani da bakina.