Ƙwayar da na riƙe kamar goro

Shekara biyu na yi ina yawo da omeprazole a aljihu kamar goro. Duk lokacin da ƙwannafi ya taso mini, ruwa mai tsami ya hauro har maƙogwaro, sai in sha na kwana biyu ko uku, abin ya lafa, in manta. Mahaifiyata takan ce barkono ne da zama da yunwa, ni kuwa na yarda.

Ranar da bayan gidana ya koma baƙi kamar kwalta na nufi asibiti a Maradi. Likita ya ce jini ne daga gyambon ciki. Ya bayyana mini cewa maganin yana toshe ƙananan famfunan da ke zuba asid a tumbi, gyambo ya sami sararin warkewa. Amma ba ya kashe Helicobacter pylori, ƙwayar cutar da awo ya gano a cikina. Sai da na haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, kwana 14 ba fashi.

Ashe duk shekarun nan dukan maciji nake yi, ban sare kansa ba. Jiya ƙanena ya roƙe ni ƙwaya guda. Kuɗin awo na ba shi.