Uwargida, ina kike zaunar da yaronki a Adaidaita Sahu?

Idan a Kano kike, da wuya mako ya wuce ba ki tsayar da Adaidaita Sahu ba. Shi ke kai ki awo, shi ke kai yara Islamiyya, shi ke dawo da ke daga Kantin Kwari da kaya niƙi-niƙi. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta kawo shi don mata su huta da hawan acaɓa, kuma da aka hana acaɓa a 2013 sai ya zama motar kowa. Ni ma shi nake hawa zuwa asibitin da nake aikin jinya.

A wurin aikin nan na gane cewa ba sai an yi karo yaro ke jin ciwo ba. Babur ɗin nan tayarsa ɗaya ce a gaba, ba ƙofa, ba bel. Kwana ɗaya da gudu ta isa ta wurgo wanda ke gefe. Na sha wanke goshin yaron da aka zaunar a baki yana leƙen titi, na kuma ga jaririn da kansa ya bugi ƙarfe lokacin da uwarsa ta sunkuya za ta shiga da shi a goye.

Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin hawa ya tashi, dole ke sa uwa ta cusa yara uku a wurin mutum ɗaya. Amma akwai abin da ba ya cin ko sisi. Kwance goyon kafin ki shiga, ki rungume shi a cinya. Yaro a tsakiya, ke a baki. Kada ki bari a ɗora shi kusa da direba. Tattare hijabinki kada taya ta kama shi. Ku sauka ta dama, ba ta ɓangaren da motoci ke wucewa ba. In direba na gudu, ki ce, "Malam, a hankali, da yara." Ba rashin kunya ba ne.

In kuwa kan yaro ya bugu, ya fara amai, ko barcin da ba a saba gani ba, ko jijjiga, ko jini ta kunne, kada ki jira gari ya waye. A tafi asibiti.

Allah Ya tsare mana zuri'a.