Gaɗa Ma Makaranta Ce



Duk wanda ya yi karatun allo ya san da rerawa muka kama babbaƙu da farfaru, tun ba mu san ma'anar abin da muke faɗa ba. Abin da aka rera shi ke zama a ka. Wannan hikima ce ke cikin gaɗa, ko da yake wasu iyaye na ɗaukar ta shiririta.

Ku dubi yadda ake yin ta. 'Yan mata su yi da'ira, ɗaya na bayarwa, saura na amshi da tafi. Ƙaramar da ba ta wuce shekara biyar ba dole ta kasa kunne, ta jira lokacinta, ta daidaita tafinta da na 'yan'uwanta. In ta yi gaggawa kowa zai ji. A wani salon kuma, yarinya ta shiga tsakiya ta faɗo da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla sama. Ba ta sakin jiki sai ta amince da su, su kuma sun san amana ce a hannunsu.

Amma harshe ya fi damuna. Hausa tana tafiya da karin sauti da jan wasali: garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya, kunne ke raba su. Waƙa ce ke saita wannan kunnen. A nan Yawunde yaranmu na wuni da Faransanci a makaranta, su dawo da shi gida. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya yi alkawarin kare harsunan ƙasa, amma takarda ba ta koya wa yaro amshi. A aikina na magatakarda, samari kan zo gaban dattijo da ƙorafi, sai ka ji Hausar ta ƙare musu a tsakiyar magana, har sai an yi musu tafinta. Jikokin Kanawa da Katsinawa ke nan!

Gaskiya ne unguwa ta cushe, dandali ya zama shago, babura sun mamaye lungu, kuma ba kowace waƙar gaɗa ce ta dace da bakin ƙaramin yaro ba. Iyaye mata sun san wadda za su tace. Sai dai tsakar gida tana nan, Alhamis kuma babu karatun allo. Kakanninmu mata da suka san waƙoƙin nan har yanzu suna raye, galibinsu na zaune a ɗaki babu mai tambayar su. A aika musu jikoki bayan la'asar.