Yinin Asabar a Bakin Binuwai

Mutanen Ikko da na Badagiri in sun gaji da aikin mako sai su tafi bakin teku su sha iska. Mu mutanen Abbare Allah bai ba mu teku ba, amma ya ba mu Binuwai, wanda ya bi ta Lau. Abin da na lura da shi a lokacin gwajin koyarwa shi ne, yaranmu suna iya zana wannan kogi a allo, su faɗi inda ya taso da inda ya ƙare, amma da yawansu ba su taɓa sa ƙafa cikin ruwansa ba.

Saboda haka da muka sami hutu cikin watan Fabrairu, sai na roƙi Kawu ya yarda mu kai yaran gidanmu Lau ran Asabar. Ya ce, "To, ɗana, amma da sharaɗi, ba mai shiga ruwa sai inda masunta suka nuna." Muka tashi da sassafe, hazo bai washe ba, mu goma sha ɗaya, har da abokaina biyu na kwaleji. Inna ta ƙulla mana ƙosai da gyaɗa, Yaya kuwa ta ɗauko tukunya da shinkafa.

Da muka isa, ƙanena ya tsaya ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ashe haka yake da faɗi?" Alhali kuwa rani ne, ruwa ya janye, ya bar yashi fari fat. Ga jiragen kwale-kwale suna ƙetare da mutane da kaya zuwa wajen Karim Lamido. Yara suka ruga kan yashi suka shiga langa, mu kuma muka sayi karfasa da tarwaɗa wurin masunta, Yaya ta hura wuta. Kai, ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba.

Bayan mun ci mun ƙoshi, abokina ya tsuguna ya zana kogin da yatsa a kan yashi. Ya nuna musu duwatsun Adamawa na ƙasar Kamaru inda ya taso, ya biyo da shi ta Garwa da Yola da Numan har Lau, ya wuce Ibi da Makurɗi, ya haɗa shi da Kwara a Lokoja, watau tafiyar kamar kilomita 1,400. Na ƙara musu da labarin Baikie, Baturen da ya hau kogin nan da jirgi mai suna Pleiad a shekarar 1854 har ƙasar Muri. Yaran da ke hamma a aji, ran nan har rige-rigen tambaya suke yi.

Amma darasin da ya fi shiga jikinsu ba mu muka ba da shi ba. Wani dattijo da ke gyaran komarsa kusa da mu ya kira su, ya nuna musu wata bishiya can nesa bisa gaɓa. Ya ce, "'Ya'yana, kun ga waccan? Shekarar babban ruwa har gindinta muka ɗaure jirgi." Yara suka dubi bishiya, suka dubi ruwan da ke kwance lafiya lau, suka kasa gaskatawa. Kawu ya ce gaskiya ne, shekarar 2012 ke nan, kuma aka sake yin irinta a 2022, gonakin shinkafa da gidaje suka nutse. Na bayyana musu cewa akwai madatsar ruwa a Lagdo ta Kamaru wadda aka gama a 1982. In damina ta yi ƙarfi ta cika, sai a buɗe ta, ruwanta ya haɗu da na koguna irin su Faro da Gongola, ya hauro kan mutanen gaɓa.

Da la'asar muka kama hanyar gida, kowa da yashi a kai, yara suna ta gardamar ko wane kifi ya fi girma.

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, da yawanmu kuwa ƙauyukan bakin kogi za mu. Yaran da za mu koya wa labarin ƙasa su ne za su noma fadamun nan, su ne kuma za su tsai da shawarar inda za su kafa gida. Yaron da ya ga gindin bishiyar nan da idonsa ba zai yi wasa da gargaɗin ambaliya ba. Ina ba da shawara kowane malami ya nemi izinin iyaye da na shugaban makaranta, ya kai ajinsa bakin kogi ko sau ɗaya ne a shekara, da rani, tare da wani babba da ya san ruwa. Kuɗin mota da ɗan guzuri kaɗai zai ci, amma abin da yara za su komo da shi zai daɗe tare da su.